Doyar Suruki a Wutsiyar Tirela

Akwai wani direba a Sabon Gari, nan cikin Minna, ana ce masa Gaiya. Asalinsa mutumin Kudancin Kaduna ne, amma a Minna ya yi wayo. Sana'arsa kai ruwa wuraren gini da tsohuwar akori-kurarsa. Ya ɗaure ƙaton tanki a bayan motar da ƙusoshi, tankin ya cinye wurin kaya kaf, ko buhu ɗaya ba ya samun wuri. Shi ya sa ya je wajen Ndagi mai walda ya haɗa masa 'yar tirela mai taya biyu, yana janta a baya duk ranar da zai ɗauki injin ruwa da tiyo.

Ranar da Ndagi ya miƙa masa tirelar, bai bar shi ya tafi ba sai da ya yi masa karatu. Ya dafa dogon ƙarfen gaba, wanda ake saƙalawa a ƙugiyar mota.

"Wannan shi ne wuya," in ji Ndagi. "Kaya mai nauyi gaban taya yake zama, ba bayan taya ba. In ka gama lodi, kafin ka saƙala, ɗaga wuyan nan ka ji. Kashi ɗaya cikin goma na nauyin duka ya kamata ya zauna a kai, ko ya ɗan fi. In ya fi ƙarfinka, gaban motarka zai yi sama, sitiyari ya daina jin magana. In kuma ka ɗaga shi da hannu ɗaya kamar tsintsiya, kar ka tayar da motar. Wutsiya ce za ta tuƙa ka."

Shekara uku Gaiya bai taɓa saɓa wannan magana ba. Abokansa har tsiya suke masa, wai ya fi mai sayar da zinari son awo.

To, amma akwai mutum ɗaya a duniya da Gaiya ba ya iya haɗa ido da shi. Surukinsa ne, Baba Caleb, tsohon hedimasta da ya yi ritaya ya zauna Paiko yana noman doya. Mabel, matar Gaiya, ita kaɗai ce 'yarsa mace. Malamin makaranta ya so ta aura, sai ga ta da direban ruwa. Da ƙyar fasto da uwar yarinyar suka shawo kansa.

An yi aure, amma tsohon bai sauko ba. Gaiya zai durƙusa har ƙasa ya gaishe shi, amsar ba ta wuce "mm". Shekara huɗu ana haka, ga kuma rashin haihuwa ya ƙara dagula lamarin. Sai bana Allah ya duba su, Mabel ta samu ciki har ya kai wata bakwai.

Wata ranar Juma'a, lokacin sabuwar doya, wayar Gaiya ta yi ƙara. Da ya ga sunan, sai da ya miƙe tsaye kafin ya ɗauka. Baba Caleb ne da kansa, karo na farko tun da aka ɗaura auren. Ya ce injin mashin ɗinsa ya buga, makanikan Paiko sun yi iya yinsu sun kasa, yana so a kai shi wajen wani gwani a Sabon Gari.

"Za ka iya zuwa gobe?"

"Zan iya, Baba. Da safe ma, Baba."

Jama'a, ku zo ku ga rawar jiki. Gaiya ya juye ruwan tankin gaba ɗaya, ya wanke motar har da tayoyi. Washegari Mabel ta ce za ta bi shi ta gaida mamanta, suka kama hanyar Paiko.

Lodi ya tafi yadda ake so. Gaiya ya kafa katako, ya tura mashin ɗin har tayar gaba ta daki ƙarfen gaban tirela, injin ya zauna gaban tayoyi. Ya ɗaure shi ta kusurwa huɗu, ya jijjiga, bai motsa ba. Ya ɗaga wuyan da hannu biyu, ya ji nauyinsa daidai, sannan ya saƙala a ƙugiya ya sa sarƙa.

Baba Caleb yana zaune a kujerarsa ƙarƙashin mangwaro yana kallon komai. Da aka gama ya gyaɗa kai.

"Ashe ka san aikinka, ɗana."

Gaiya ya ji maganar har cikin ƙashinsa. Daɗi ya kama shi, idonsa ya kawo ruwa, ya sunkuya yana gyara igiyar da ba ta buƙatar gyara.

Aka kira shi ciki ya ci sakwara. Yana cikin wanke hannu ya ji ana ta kai da kawo a waje. Da ya fito, sai ya tarar da 'yan ƙwadago biyu suna jido doya daga rumbu, Baba Caleb kuma ya naɗe hannun riga yana jerawa da kansa. Manya-manyan doya ne, irin waɗanda manomi ba ya kaiwa kasuwa. Ƙwarya guda cif, wato ɗari. Duk ya jere su a can ƙarshen tirelar, bayan tayoyi, ya sa katako tsakaninsu da mashin.

"Na nisanta su da mashin saboda fetur da baƙin mai," in ji tsohon, yana haki yana murmushi. "Doya ba ta son wari, ba ta son gogayya. Naku ne, kai da Mabel. Mai ciki tana buƙatar abinci."

Gaiya ya durƙusa yana godiya, amma idonsa yana kan ƙugiya. Wuyan tirelar da ɗazu ya kwanta a kanta, yanzu sama yake ja. Makullin ƙugiyar ne kawai ya riƙe shi. Bayan motar ma ya ɗan ɗaga, ga tanki babu ruwa balle ya danne ta.

Maganin abin bai wuce minti goma ba. A kwashe rabin doyar a jera ta gefe da gefen mashin, gaban tayoyi, shi ke nan. Amma wa zai kwance abin da suruki ya jera da hannunsa, a ƙofar gidansa, a gaban 'yan aikinsa? Kuma yau, ranar da ya fara ce masa ɗana?

Ya ja Mabel gefe.

"Lodin nan yana son ɗan gyara."

"To ka faɗa masa mana."

"Da wane bakin?"

Ta dubi babanta, ta dubi mijinta. Ita ma shekara huɗu take jiran wannan rana.

"Abin da matsala ne sosai?"

"A'a, ɗan gyara ne kawai. In mun fita gari sai in tsaya in daidaita."

Ya ji sanyi a ransa da wannan dabara. Suka yi sallama da Mama, ya buɗe wa Mabel ƙofa. Yana shirin tayar da mota sai ga Baba Caleb ya fito da hula da 'yar jakarsa.

"Matsa ciki, Mabel. Zan bi ku in ga makanikin nan da idona. Mashin ɗin nan shekararsa goma sha ɗaya a hannuna, ba zan bar wani ya buɗe shi ba na nan ba."

Ka ji fa. Gaba kura, baya sayaki.

Suka hau titin Minna su uku a gaba, Mabel a tsakiya, tsohon a bakin ƙofa. Wanda ya san hanyar nan ya san halinta, ramuka da tankokin mai ba sa ƙarewa. Gaiya ya riƙe motar a kan arba'in. Duk ramin da suka faɗa, sai ya ji ƙugiya ta yi ƙwas, bayan motar ya yi wani sakwaf kamar ba a ƙasa yake ba. Ido ɗaya a titi, ɗaya a madubi.

Baba Caleb kuwa yau bakinsa ya buɗe. Yana ba da labarin makarantun da ya riƙe, da yadda ya fara noma da kunyar doya ashirin kacal. Har tambayar Gaiya ya yi ko sun zaɓi suna. Abin da Gaiya ya yi shekaru yana roƙon Allah ke nan, ga shi ya samu, amma ko rabin maganar ba ya ji.

Bayan sun yi 'yar tafiya ya sauka gefen titi.

"Lafiya?" in ji tsohon.

"Zan duba igiya, Baba."

Ya zaga baya da sauri. Ya ɗora ƙafa a kan wuyan tirelar ya danna, wuyan ya sauka, ya ɗauke ƙafa, ya koma sama. Ya kai hannu ya ɗauki doya ɗaya. Bai kai ga ta biyu ba ya ji an rufe ƙofa, ga Baba Caleb yana tahowa.

"Wani abu ya zame?"

"Babu, Baba. Na ce ko... ko in ɗan matsar da su gaba."

"Gaba wajen mai?" Tsohon ya yi dariya, ya karɓi doyar ya mayar da ita mazauninta. "Kai ka san mota, ni na san doya. Shekara nawa ina lodinta zuwa kasuwa, ko ɗaya ba ta taɓa ƙujewa ba. Kwantar da hankalinka."

Nan ne wurin magana. Ga maganar a kan harshensa: Baba, ba doyar nake ji ba, motar ce za ta kife. Ya buɗe baki, ya ga fuskar tsohon a sake, irin sakin da bai taɓa gani ba.

"To, Baba," ya ce.

Wallahi duk lokacin da na zo nan a labarin sai raina ya ɓaci. Mutum ya san gaskiya sarai, ya haɗiye ta da ransa da na matarsa.

Suka ci gaba. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, motoci sun yi layi a bayansu suna ta hon. Wani direban bas da ya wuce su har leƙowa ya yi ya tambaya ko gawa suka ɗauko.

"Ɗana, ko ni a kan mashin na fi haka sauri," in ji Baba Caleb. "Makanikin ya ce ƙarfe ɗaya yake rufewa ranar Asabar. Ga ruwa yana zuwa, zai jiƙa mana doya."

Gaiya ya ƙara wuta. Hamsin. Sittin. Ya ce a ransa saura kaɗan, in dai aka haye gadar Chanchaga an shiga gari, dole kowa ya rage gudu. Yana ta addu'a a zuci. Mabel ta dube shi ta ga zufa tana bin wuyansa.

"Gaiya, lafiya kake?"

"Lafiya."

Suka fara gangarowa wajen gadar. A daidai nan wata tankar mai ta fito ta wuce su da gudu, iskarta ta bugi tirelar.

A madubi ya fara gani. Wutsiyar ta leƙa hagu, ta koma dama. Ta sake leƙawa hagu, wannan karon ta fi nisa. Sai ya ji ta a jikinsa, bayan motar yana bin ta duk inda ta yi, sitiyari yana fizgar hannunsa. Mabel ta dafe ciki da hannu ɗaya, ɗayan ta riƙe rigarsa.

"Taka birki!" in ji Baba Caleb. "Birki, na ce!"

"A'a, Baba! Ku riƙe Mabel!"

Ya san in ya danna birki a haka, tirelar za ta naɗo ta daki motar ta kifar da su. Ya ɗauke ƙafa daga totur, ya ƙanƙame sitiyari ya miƙar da shi, ya bar motar tana rage gudu da kanta. Gangara ba ta taimake shi ba. Hagu, dama, hagu, tayoyin tirelar suna kuka a kan kwalta, ga bakin gadar yana matsowa.

A gefen titi wata Bafulatana mai tallar nono, Dije, tana tafe da ƙwarya a ka. Ta waiwayo ta ga wutsiyar tirela ta nufo ta, ta yi tsalle ta faɗa kwalbati. Tayar tirelar ta sauka daga kwalta, tirelar ta kife ta gefe. Igiya biyu suka tsinke, mashin ya yi waje, doya ta watsu a titi. Motar ta ja kifaffiyar tirelar a ƙasa, ta juya rabi, ta tsaya. Tsakaninsu da ƙarfen gadar bai fi taku goma ba.

Mutane suka yo kansu. Gaiya bai ga kowa ba sai Mabel. Goshinta ya daki gaban motar ya fashe, amma ba goshin ta riƙe ba.

"Gaiya, ban ji yana motsi ba."

Wasu mata suka fito da ita suka zaunar a gefe, wasu maza suka ciro Dije daga kwalbati. Ƙafarta ta karye a idon sawu, nono ya wanke mata zane.

"Me na yi maka, bawan Allah?" Dije take cewa tana kuka. "Ko a titin nake? Gefe nake bi."

Wani dattijo direban tifa ya zaga ya dubi tirelar, ya dubi inda doyar ta zubo. Ya girgiza kai ya ce duk wanda ya yi lodin nan ya zuba nauyi a wutsiya, ai dole ta yi rawa.

Baba Caleb ya ji. Hularsa ta faɗi bai ɗauka ba. Ya tako har gaban Gaiya.

"Gaskiya ne abin da mutumin nan ya faɗa?"

Da Gaiya ya so, da ya ɗora wa tanka, ko ramin titi. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Gaskiya ne, Baba."

"Ka sani?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun a ƙofar gida."

Tsohon ya ƙura masa ido.

"Da ka tsaya a hanya, abin da ka je gyarawa ke nan?"

"Shi ne, Baba. Na ji kunyarku. Na ga yau kun karɓe ni, na ji tsoron in ɓata."

"Ɗazu da na ce ka taka birki, ka iya ce mini a'a. Ashe kana da baki." Ya nuna Mabel da hannu. "Ni ban san tirela ba, kai ka sani. Ka dubi 'yata da cikin da muka yi shekara huɗu muna roƙo, ka sa ta a motar da ka san za ta iya kifewa, don kar ranka ya ɓaci da nawa? Doya na ba ka yau. Ita na ba ka tun tuni."

Bai jira amsa ba. Ya tare Keke Napep, aka sa Mabel da Dije, ya shiga. Gaiya ya kama ƙarfen keken zai hau.

"Tsaya ka kwashe abin da ka zubar a titi, kar wani ya sake faɗawa," in ji tsohon. "Ka same mu a asibiti."

Haka Gaiya ya tsaya yana tsintar doya a kwalta, yayyafi yana dukansa, bai san ko ɗansa yana da rai ba. Wata ta fashe biyu, wata kuma mota ta bi ta kanta. Duk wayar da ta yi ƙara a aljihun wani sai gabansa ya faɗi. Sai da aka tayar da tirelar, aka jingine mashin a wani shago, sannan ya ruga asibiti.

Allah ya rufa asiri. An sa na'ura an ji bugun zuciyar jaririn, an ɗinke goshin Mabel. Dije kuwa an sa mata filasta, likita ya ce sai ta yi wata biyu ba ta taka ƙafar ba. Mijinta Jafaru ya zo, Gaiya ya durƙusa ya ba shi haƙuri, ya ɗauki nauyin jinyarta.

Da ya shiga ɗakin da Mabel take, Baba Caleb yana zaune a bakin gadon. Bai ɗaga murya ba.

"In an sallame ta, Paiko za ta koma wajen uwarta har ta haihu. Ba fushi nake yi da kai ba. Tsoro nake ji. Ban san me kuma za ka gani ka yi shiru ba."

Gaiya ya juya wajen matarsa. Ya tabbata za ta ce a'a, don ba ta taɓa kwana bakwai a wani wuri ba tare da shi ba.

"Mabel?"

Ta juyo ta dube shi.

"Na tambaye ka, Gaiya. Na ce da matsala sosai? Ka ce ɗan gyara ne. Baba kam kunyarsa kake ji. Ni fa?"



Bayan kwana biyu ta bi babanta a motar haya, ba a tasa ba. Duk Lahadi bayan coci yana zuwa Paiko, a gaisa a tsakar gida, ya juyo shi kaɗai. Ranar da naƙuda ta zo, yana can wani gini a bayan gari yana sauke ruwa. Namiji ta haifa, lafiyayye. Surukarsa ce ta kira shi, ta kara wayar a bakin jaririn.

Ɗansa na fari, wanda ya jira shekara huɗu, a waya ya fara jin kukansa, yana tsaye riƙe da tiyo.

Darasi: Girmama na gaba wajibi ne, amma kunyar da za ta sa ka ga haɗari ka yi shiru ba ladabi ba ce, cin amanar waɗanda suka ba ka ransu ne. In kai ne ka san aikin, faɗi gaskiya da tattausan harshe tun mota ba ta tashi ba. Ɓacin ran minti goma ya fi da-na-sanin shekaru. Ku kuma masu jan tirela, nauyi gaban taya yake zama, ku ɗaga wuyan ku ji kafin ku kama hanya, ko wane ne ya yi lodin. Ku tura wa direbobin da kuka sani, da duk wani mai nauyin baki a gidanku.